Sabon Injin Kaka

"Ɗaga tocilar sama kaɗan, Mai Burodi. Ba takalmina nake nema ba," in ji Aulis.

Tarmo ya ɗaga tocilar. Tun ɗazu hannunsa ya sage, amma bai yarda ya sauya hannu ba, don kada a ce ko riƙon fitila ya gagare shi. A gabansa mutum biyu ne suka cusa kawunansu cikin bakin motar: matarsa Kaisu, da Aulis, mijinta na fari. Wurin ba shi da faɗi. Duk sanda ɗaya ya motsa sai kafaɗarsa ta gogi ta ɗayan, kuma babu wanda ya damu ya matsa.

Motar tsohuwa ce, irin mai ɗaki a baya, da gado da murhu da ɗan teburin da ake naɗewa. Kaka suke ce mata. Aulis da Kaisu ne suka saye ta tun suna ango da amarya. Da auren ya mutu, shi ya tafi da kwalekwale da kare, ita ta riƙe gidan iyayenta na bakin tafki, ta riƙe Kaka. Tarmo ya zo daga baya ya tarar da komai a wurinsa, har da ƙusar da ake rataye hula.

Bai ƙi motar ba. Abin da ya ƙi shi ne injinta na fetur, wanda ba a taɓa fita da shi yawon bazara an dawo lafiya ba. Sai sun yi nisa, sun shiga dajin da babu kowa sai sauro, sannan ta yi tari ta tsaya. Daga nan Kaisu ta ciro waya ta kira Aulis. Tarmo ne ke kara wayar a jikin injin don mutumin ya saurara daga gidansa, ya ce a taɓa nan, a ƙwanƙwasa can. Kuma ta tashi. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, kullum sai ta tashi.

Bana Aulis ya samo injin dizal daga wata motar ɗaukar kaya da aka daka ta baya, ya ce zai dasa wa Kaka. Tun narkewar ƙanƙara yake zuwa kowace Asabar. An ciro tsohon injin da tarakta, an sauke tanki an wanke shi tas, an ƙera sababbin ƙafafun da injin zai zauna a kai. Yau ce ranar gamawa. Mako mai zuwa a kai ta garin Iisalmi masu duba motoci su sauya mata takarda, sannan Tarmo da Kaisu su kama hanyar arewa, su yi bikin tsakiyar bazara a Kuusamo.

Aulis ya miƙa hannu baya, bai waiwaya ba, bai ce uffan ba. Kaisu ta sa masa sifana a tafi. Ya ɗaure abin da zai ɗaure, ya sake miƙowa, ta karɓa ta ba shi filaya. Haka suke tun safe. Wata Asabar Tarmo ya taɓa yin wuf ya riga ta, ya sa wa Aulis sifana a hannu. Mutumin ya juya ta sau biyu, ya ajiye a gefe, ya sake miƙa hannu, Kaisu ta ba shi wadda yake nufi. Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi sauƙi.

In suna su biyu, Kaisu surutu take yi masa daga karin kumallo har kwanciya, labarin kantin magani inda take aiki, labarin maƙwabta, labarin ƙafarta mai ciwo. Da yana jin daɗin haka. Yanzu da ya ga yadda take wuni da Aulis ba tare da sun haɗa kalma goma ba, sai wani tunani ya shige shi ya ƙi fita: baƙo ake yi wa hira don kada ya ji kaɗaici. Wanda ya zama na gida, shiru ake yi da shi.

"To," in ji Aulis, ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Mu ji muryarta."

Bai haɗa injin da tanki ba tukuna. Ya tsoma tiyon mai cikin wani ɗan galan na dizal da ya zo da shi, ya ce Kaisu ta shiga ta murɗa makulli. Injin ya yi gurnani sau ɗaya, sau biyu, ya ƙi. A na uku ya kama da ƙara kamar ana sussukar ƙarfe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan gida, tsuntsayen da ke kan rufin rumfa suka watse. Kaisu ta diro tana tafi. Ta daki bayan Aulis da tafin hannu, ta bar masa shatin yatsu biyar a riga.

"Kamar a Alta!" ta ce cikin ƙarar injin.

Aulis ya sunkuyar da kai yana dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Me ya faru a Alta?" in ji Tarmo.

"Me ka ce?"

"Na ce me ya faru a Alta?"

"Af, ba komai. Tsohon zance ne." Ta share ido da bayan hannu. "Kashe tocilar mana, rana ta fito."

Suka shiga shan kofi. Aulis ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya wuce kicin kai tsaye, ya buɗe kabad ɗin da ke saman famfo ya ɗauko shuɗin kofin nan mai tsagaggen baki. Bai tambayi inda yake ba. Ya zauna a kujerar da ke kallon tafki, inda Tarmo ya saba zama. Tarmo ya ajiye faranti a tsakiyar tebur. Tun kafin gari ya waye ya tashi ya gasa burodin mai sukari da kirfa, ko da yake yau hutunsa ne daga gidan burodi. Shi kansa bai san wa ya yi dominsa ba.

Aulis ya ɗauki ɗaya da yatsunsa da baƙin mai bai gama fita ba, ya tsoma a kofi, ya cinye a loma biyu.

"Kai, Mai Burodi, hannunka na da albarka. Ita wannan shekara ashirin tana ba ni abin da in ka jefi kare da shi sai an kai shi asibiti."

"Ai ba ka taɓa ragewa ba," in ji Kaisu.

"Yunwa ce, ba daɗi ba. Ka ga dabarar mata? Ta ga ba za ta iya koya ba, sai ta je ta auro gidan burodin gaba ɗaya."

"Ci ka yi mana shiru, Aulis."

Ya ɗauki na biyu. Tarmo ya yi murmushin da ya kamata. Yana kallon yadda matarsa ta tura wa mutumin gwangwanin sukari kafin ya nema.

"Ka san abin da za ka taimaka da shi?" in ji Aulis da cikakken baki. "Mu za mu haɗa tiyo da tanki, mu ɗora tsohon injin a bayan motata. Kai ɗauki jarkoki biyun nan ka je ka ciko su. Dizal fa, ka ji? Ba madara ba."

"Na ji."

"Kada injin nan ya sha fetur ko cokali. Fetur na shiga famfon nan zai cinye shi, aikin wata uku ya tafi a banza."

"Na ce na ji."

Jarkokin jajaye ne, na Kaka ne tun asali. Kowace bazara shi ke cika su kafin tafiya, don motar ba ta ƙoshi. Ya jefa su bayan ƙaramar motarsa ya fita. A madubi ya hango su biyun sun fito daga gida, suna tafiya wajen rumfa, ƙafarsu na sauka tare.

Gidan man ƙauyen ɗaya ne, da ɗan shagon shan kofi a jikinsa, inda tsofaffin da suka ajiye aiki ke wuni suna gyara gwamnati. Yana tsayawa Unto ya fito da kofi a hannu. Unto tsohon direban motar katako ne, kuma tun da ya daina tuƙi ya koma sanin abin da ke tukunyar kowa.

"A'a, Tarmo! An sake ka ka sha iska?"

"Mai na zo saya."

"Na ga motar Aulis ta wuce tun da sassafe. Har yanzu ba a gama ba? Ni da na sauya injin tarakta, kwana biyu na yi."

"Yau za a gama." Tarmo ya sauke jarkokin, ya kwance murafensu, ya zaro tiyo.

"Haka aka ce wancan makon." Unto ya kurɓi kofi. "Ni dai ina sha'awarka. A duk ƙasar Finlan ban san mutum mai faɗin zuciya irinka ba. Ni ko tsohon saurayin matata, wanda yanzu da sanda yake tafiya, in na gan shi a coci sai na sauya benci. Kai kuwa har burodi kake gasa masa, in ji Helvi mai shagon nan."

"Aiki yake yi mana."

"Ai na sani. Aiki." Unto ya dubi sama kamar mai duba hadari. "Ka san a cikin motar nan suka yi kwanan amarcinsu? Ni na ja su da igiya daga ramin da suka faɗa washegari. Da na ƙwanƙwasa ƙofa sai da na jira."

Tarmo ya mayar da hankali kan tiyo. Ya cika jarka ta farko, ya koma ta biyu, idonsa na kan man da ke hauhawa amma ba shi yake gani ba. Gadon yake gani, da labulensa mai furanni da Kaisu ta ƙi yarda a sauya. Unto ya ci gaba da magana har kofinsa ya ƙare, sannan ya koma ciki don ya ba sauran labarin yadda fuskar Tarmo ta yi.

Sai da ya je mayar da tiyon mazauninsa ya ga launin mariƙin. Kore ne, na fetur. Baƙin, na dizal, yana rataye a gefe ba a taɓa shi ba. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba yi kowace bazara da jarkokin nan.

Ya tsaya yana kallon su. Gyaran ba wuya. Ya shiga ya ce wa Helvi ta ara masa wasu jarkokin, wannan kuwa ya ajiye don injin yankan ciyawa. Sai dai Unto na ciki, kuma kafin yamma duk ƙauyen zai ji cewa an aiki Mai Burodi abu ɗaya tak ya kasa. Aulis ba zai ce komai ba. Zai juya jarkar sau biyu, ya ajiye a gefe.

Ya ɗaure murafen da ƙarfi, ya shiga ya biya, ya fito.

A hanya ya gaya wa kansa zai faɗa da zarar ya isa. Da ya wuce gadar katako sai ya fara ganin wani abu dabam a zuci. Ya ga Kaka ta tsaya cak a gaban masu duba motoci, Aulis ya buɗe bakinta yana sosa ƙeya, ya miƙa hannu baya, an ba shi sifana, ya rasa inda zai sa ta. Ya ga Kaisu ta harɗe hannuwa tana cewa, "Wata uku, Aulis. Wata uku kana cin burodin mijina." Bai taɓa ganin mutumin ya rasa abin yi ba, ko sau ɗaya. Abin ya yi masa daɗi a ƙirji, irin daɗin sosa ƙurji. Ya rage gudu a mararrabar da zai iya juyawa, sannan ya taka ya wuce.

Ai ba da gangan ya saya ba. Wannan gaskiya ce, kuma ya riƙe ta da hannu biyu har ƙofar gida.

Babu kowa a wajen Kaka. An rufe bakinta, an kwashe ɗan galan ɗin. Daga bayan rumfa yana jin ƙarar sarƙa da muryar Aulis yana cewa a sassauta, suna ɗora tsohon injin. Farfajiyar duk warin fetur take yi, don tun safe aka tuntsurar da bokitin da aka tsiyaye na tsohon tiyo a ciki. Ko wa ya zo ba zai bambanta wari da wari ba.

Ya buɗe murfin tanki, ya kafa mazurari, ya ɗaga jarka ta farko. Man ya riƙa sauka yana ƙugi a cikin tankin da babu komai. Da ta ƙare ya tsaya ya saurara. Sarƙa na ƙara har yanzu, Kaisu ta yi wata gajeriyar dariya. Ya ɗaga ta biyu.

Yana ɗaure murfin ta ɓullo daga bayan rumfa, tana goge hannu da tsumma. Ita kaɗai ce.

"Har ka zuba? Sannu da aiki." Ta zauna a matakalar ƙofar Kaka, ta miƙe ƙafarta mai ciwo. "Aulis ya gangara tafki wanke hannu. Zo ka zauna, bayana kamar zai ɓalle."

Ya zauna a gefenta. Matakalar ba ta ishe su ba, sai da ta jingina da shi. Gashinta na warin hayaƙi.

"Na gaji da mutumin nan, Tarmo," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na gaji har wuya."

Ya juyo ya dube ta.

"Me kake kallona? Kana tsammani daɗi nake ji? Wata uku babu Asabar ɗaya da na yi barcin safe. Ya zo ya zauna a kujerarka, ya ɗauki kofi kamar gidan ubansa, ya yi ta ba'ar da ya yi tun ina da ƙuruciya. Na ga fuskarka ɗazu. Haƙuri nake ba ka a zuci."

"Ai kun saba," in ji Tarmo. "Ko magana ba kwa yi. Kafin ya tambaya kin miƙa masa."

Ta yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. "Ka taɓa jin yadda yake tambaya? Ba ka taɓa ji ba, don ban bari ka ji ba. Shekara ashirin na yi ina koyon miƙa abu kafin ya buɗe baki, saboda in ya buɗe, har maƙwabtan ƙetaren tafki sai sun san na yi kuskure. A Alta ɗin da kake tambaya, wuni guda ya yi yana zagina a bakin titi cikin ruwan sama, sannan motar ta tashi da kanta. Yanzu ne ya zama abin dariya." Ta ninke tsumman, ta warware. "Ni da na samu wanda zan yi wa surutu ya saurare ni, me zan yi da shiru?"

Tarmo ya dubi jarkokin da ke ajiye a gefen taya.

"To me ya sa kika yarda ya yi aikin?"

"Don in huta da kiransa mana. Tsohon injin nan shi kaɗai ya san ƙulle-ƙullen da ya yi masa, babu makanikin da zai taɓa. Duk bazara in tsaya a daji ina roƙonsa, kai kana riƙe da waya kamar yaronsa, shi yana can yana jin daɗi. Kana tsammani ban ga yadda abin ke yi maka ba? Wannan sabon kuwa, kowane gareji daga nan har iyakar Norwe sun san shi. In ya yi tari, mu shiga gari mafi kusa, a gyara, mu wuce. Yau in Aulis ya fita daga farfajiyar nan, shi ke nan. Na riga na gaya masa. Sai dai gaisuwa in an haɗu a kanti."

"Kin gaya masa?"

"Tun ranar da ya kawo injin. Bai ji daɗi ba, amma ya ce ya ji." Ta laluba aljihun wandonta ta ciro makulli, ta sa masa a hannu, ta naɗe yatsunsa a kai. "Ya so ya fara fita da Kaka. Na ce a'a, mai motar ne zai fara."

Aulis ya hauro daga tafki yana yarfe hannuwa, gashinsa a jiƙe. Ya ga makullin a hannun Tarmo, ya kau da kai, ya shura tayar gaba kamar mai duba iska.

"To, Mai Burodi, hau mu gani. Akwai sauran dizal a filtar injin, shi zai tashe ta, kafin ka kai bakin titi ta fara ja daga tanki. Kada ka ji tsoron ƙarar, haka muryarta take yanzu."

Tarmo ya hau. Kujerar ta yi ƙara irin wadda ta saba. Kaisu ta zagaya ta shiga ɗaya gefen, ta ja bel ta ɗaura, ta gyara zama kamar yau za su kama hanyar arewa. Aulis ya dafa tagar direba.

"Wannan ba irin ta da ba ce. Murɗa rabi ka tsaya. Ka ga 'yar fitilar can mai ruwan ɗorawa? Jira ta mutu tukuna, sannan ka tayar."

Ya murɗa rabi. Fitilar ta kama. Su uku suka zuba mata ido. A cikin motar babu abin da ake ji sai wani sauro da ke bin gilashi. A zuci Tarmo ya ga bakin titi, ya ga inda za ta tsaya, wajen akwatin wasiƙu ko gaba kaɗan. Ya ga Kaisu ta kwance bel, ta sauka, ta juya ta kira sunan da ta ce ta gama kira. Bayan nan kuma neman wani famfon, da wasu Asabar ɗin, har bazara ta wuce.

Fitilar ta mutu.

"Yanzu," in ji Aulis.

Tarmo bai motsa ba.

"Yanzu mana, kafin ta huce."

Ya mayar da makullin baya, ya zare shi, ya ɗora a cinyarsa.

"Fetur ne a tankin," ya ce.

Aulis ya saki tagar. Ya je ya ɗauki jarka ɗaya, ya kwance murfin, ya kai hanci. Ya mayar da murfin a hankali, ya ajiye ta inda ya ɗauka.

"Duka biyun?"

"Duka."

Tarmo ya jira tsawar da aka ce maƙwabtan ƙetaren tafki na ji. Ba ta zo ba. Aulis ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

"To. Ba a tayar ba, ba abin da ya lalace. A tsiyaye tanki, a hure tiyo, a bar shi ya sha iska. Yau dai rana ta tafi." Ya ɗan yi murmushi, ba Tarmo yake kallo ba. "Gobe ma zan zo ke nan."

Kaisu ba ta kwance bel ɗinta ba. Tana kallon gaba, ta gilashi.

"Kuskure ne?" ta ce.

"A gidan mai kuskure ne. Unto ya tsare ni da magana, hannuna ya ɗauki koren."

"Yaushe ka gane?"

"A can."

"A can." Ta gyaɗa kai. "A nan fa, da kake zubawa?"

Ya zuba wa makullin da ke cinyarsa ido. Ta ba shi lokaci mai yawa, fiye da yadda ya so. Sannan ta kwance bel, ta sauka, ta zagayo gaban motar.

"Ba za ka zo gobe ba, Aulis. Na ce yau, kuma yau ce. Kwashe kayanka. Wanda ya zuba shi zai fitar."

"Haba Kaisu, mutumin nan ko..."

"Na gode da aikinka. Ka gaida gida."

Ta janyo babban daron da ake tarar mai ta tura shi da ƙafa har gaban Tarmo, ta zaɓi sifana ɗaya daga akwatin gida ta jefa a ciki. Ƙarar ta cika farfajiyar. Ta shige gida, ta rufe ƙofa, ba da ƙarfi ba.

Aulis ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowanne kafin ya sa a akwati. Tarmo bai tsaya kallonsa ba. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin Kaka yana tura daron a gabansa.

Bai taɓa shiga nan ba. Duhu ne da sanyi, ƙasa na zubo masa a ido. Ya gane tankin, don shi ne abu mafi girma. Amma notuna sun fi goma a jikinsa da kewayensa, ga tiyo uku, ɗaya sabo biyu tsofaffi, ga wata waya da aka naɗe da baƙin tef. Ya kara sifanar a noti na farko, ta yi masa yawa. Ya kara a na biyu ta zauna daidai, amma bai sani ba ko shi ne ke riƙe da tankin gaba ɗaya a saman fuskarsa. Ya riƙe sifanar a wurin, bai juya ba.

Ya ji an rufe bayan mota. Ya ji takalman Aulis a kan tsakuwa, ƙofa ta buɗe ta rufe, inji ya tashi. Tayoyi suka fara murƙushe tsakuwa a hankali, saboda nauyin tsohon injin da ke baya.

Tarmo ya fito da sauri har ya buga goshi a bututun salansa. Ya bi motar da gudu, sifana a hannu, yana ɗaga ta sama. Sai wajen akwatin wasiƙu ta tsaya. Aulis ya sauke gilashi, ya dube shi daga goshin da ya fara kumbura har gwiwoyin da suka yi baƙi.

"Yaya, Tarmo?"

Tarmo ya tsaya yana haki. Ya waiwaya. Kaisu na tsaye a tagar kicin, tana kallon su.

"Wanne noti ne?" ya ce.

Aulis ya dubi titin da ke gabansa, ya dubi gidan a madubi. Sannan ya kai hannu ya kashe motar.